Lasifika biyu a baki ɗaya: lissafin om kafin amfilifaya ta ƙone

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Tun da wani gajeren bidiyo ya fara yawo a zaurukan WhatsApp na unguwannin Nima da Mamobi da ke Akara, wanda aka nuna lasifika huɗu jone da amfilifaya ɗaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ana ta aiko mana da tambaya guda: idan kowace lasifika om 8 ce, ashe haɗa biyu ba zai ba da om 16 ba, har na'urar ta samu sauƙi? Amsar tana ga yadda aka ɗaura wayoyin, kuma yadda yawancinmu muke ɗaurawa a gida akasin haka yake bayarwa.

Ku duba bayan wannan akwatin lasifikar. Lambar da ke kusa da alamar da ta yi kama da kofaton doki ita ce turjiyar lasifikar, wato gwargwadon yadda take tare wutar da amfilifaya ke turo mata. Ana auna ta da om, daga sunan Bajamushen nan Georg Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a 1827. Lasifikokin gida galibi om 8 ne ko 6, wasu kuma 4. Bayan amfilifaya ma akwai irin wannan rubutu, kuma ƙaramar lambar da ke wurin ita ce iyakar da aka gina na'urar ta ɗauka. Lasifikar da ta fi wannan lamba ba ta cutar da amfilifaya mai taransista, wato irin ta zamani, ƙara ce kawai za ta ɗan ragu. Wadda ta gaza lambar ita ce abin tsoro.

Yanzu ga inda ake ruɗewa, don haka za mu tafi a hankali. Ku lura da hannun mai gyaran: ya murɗa jajayen wayoyin lasifika biyu wuri ɗaya ya cusa a jan baki, wato wurin jona waya a bayan amfilifaya, ya murɗa baƙaƙen ya cusa a baƙin baki. Da ya yi haka, ya buɗe wa wuta hanya biyu a maimakon ɗaya. Kamar a buɗe ƙofa ta biyu ce a masallacin Juma'a bayan an sallame, jama'a za su fita ninki biyu a lokaci guda. Turjiya ta ragu da rabi ke nan, om 8 da om 8 sun koma om 4, kuma amfilifaya ce za ta samar da duk ƙarin wutar da ke wucewa.

Ga lissafin a allo. A ce amfilifaya tana fitar da bolt 20. A kan om 8 za ta tura amfiya 2.5 (amfiya ce ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), wato wat 50. A kan om 4 sai ta tura amfiya 5, wato wat 100. Idan kuwa aka jona huɗu a baki ɗaya, turjiya ta sauka zuwa om 2, ana neman amfiya 10 daga na'urar da wataƙila ko rabin haka ba a gina ta ta bayar ba. Da farko sauti zai ƙaru, mai gida ya yi murmushi ya kira maƙwabta su zo su ji. Bayan ɗan lokaci ƙarfen da ke shanye zafi a ciki zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, sautin ya fara karcewa, sannan na'ura mai kariya ta kashe kanta, marar kariya kuma ta ƙone taransistocinta. A zafin Akara, musamman idan an kulle ta cikin kabad babu iska, abin ba ya ɗaukar lokaci.

Maɓallan A da B da ke gaban na'urar, waɗanda ake zaɓar rukunin lasifikokin da za su yi ƙara da su, su ma irin wannan haɗin suke yi a yawancin amfilifayoyi idan an danna su tare. Shi ya sa za ku ga an rubuta a baya cewa A ko B kaɗai na karɓar om 4, amma A da B tare sai kowace lasifika ta kai om 8. A ganina wannan layin ya fi lambar wat da 'yan kasuwa ke yi mana talla da ita muhimmanci, sai dai da ƙananan baƙaƙe ake buga shi.

Masu sayo lasifikar mota su sa a falo su ƙara kula, domin galibinsu om 4 ne. Idan aka haɗa om 8 da om 4 a baki ɗaya, sai a ninka lambobin biyu a raba da jimillarsu, 32 a raba da 12, a samu kusan om 2.7.

Om 16 ɗin da ake magana yana samuwa ne idan an jera lasifikokin bi da bi: jar waya ta shiga ta farko, baƙinta ya tafi jan ta biyu, baƙin ta biyun ya komo amfilifaya. Na'ura za ta huta, amma ƙara za ta ragu. Mai lasifika huɗu masu om 8 zai iya jera bibbiyu haka, sannan ya haɗa jerin biyu a baki ɗaya, ya dawo om 8 daidai.

Idan rubutun bayan akwatin ya goge, kamar yadda ake yawan gani a kayan gwanjo, ƙaramar mitar da ake samu a shagunan Zongo Lane ta isa. A cire wayoyi daga amfilifaya kafin a auna. Mitar za ta nuna ƙasa da lambar gaskiya, kusan 6 ga mai om 8, kusan 3 ga mai om 4, saboda turjiyar lasifika tana hawa da sauka ne gwargwadon kaurin sauti da kaifinsa, ita kuwa mitar ba da sauti take aunawa ba.

Masu tsohuwar amfilifaya mai kwalaben gilashi a maimakon taransista kuwa dokarsu daban ce. A bayanta akwai baki na 4, na 8, wani lokaci da na 16, kuma wajibi ne a jona lasifika a bakin da ya dace da lambarta, sannan kada a kunna ta babu lasifika a jone, domin hakan na iya lalata taransifomar da ke fitar da sautin.