Amsoshin Tambayoyinku: Su Wa da Wa Ke Zaune a Epe?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Legas. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma kamar haɗin baki, duk hanya ɗaya suka nufa.

Ta farko daga garin Epe na jihar Legas ta fito, daga wani bawan Allah mai sayar da albasa da tattasai. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya bayanin wani ɗan ƙaramin gari a karkarar Amurka, mutanensa ba su kai dubu ba, amma an rubuta farar fata kaza ne, baƙar fata kaza, 'yan asalin ƙasar kaza. Sai ya tambaya: "Mu fa ina namu? Hausawa nawa ne a Epe, Yarbawa nawa?"

To Malam, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Abin da ya nuna maka daga ƙidayar Amurka aka ɗebo shi. Su tun 1790 suke ƙirga kansu duk bayan shekara goma, kuma takardarsu tana tambayar launin fata da asali. Mutum da kansa yake faɗin abin da yake: fari ne, baƙi ne, ɗan asalin ƙasar ne, daga Asiya yake ko daga tsibiran tekun Fasifik, sannan ga tambaya daban ga masu asali da ƙasashen da ake Sifaniyanci. Tun daga 2000 an yarda mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. A takardar 2020 ma, a ƙarƙashin gurbin baƙar fata an bar layi don ka rubuta tushenka, kuma "ɗan Nijeriya" na cikin misalan da suka buga. Shi ya sa ko ƙauyen da bai kai unguwa guda a Agege ba yana da nasa lissafin.

Mu a nan ba haka abin yake ba, kuma ba mantuwa aka yi ba. Ƙidayar 1963 ta tambayi ƙabila da addini, ta ce mu miliyan 55.6 ne, aka yi ta kai ruwa rana a kanta tsakanin jihohin wancan zamani. Ta 1973 kuwa ko amfani da ita ba a yi ba, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Da aka zo ta 1991 sai aka cire tambayar ƙabila da ta addini. Kafin ta 2006 an sake tada jijiyar wuya, wasu ƙungiyoyi a Kudu suka ce sai an sa, wasu manya a Arewa suka ce kada a sa, a ƙarshe aka bar su a waje. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba: da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce Kano da Legas kowacce ta ɗan haura miliyan 9, Kano na gaba kaɗan, gwamnatin Legas ta ce ita nata lissafin miliyan 17.5 ne.

Saboda haka Malam, hukuma ba ta da adadin Hausawan Epe, ba ta da na Yarbawanta. Duk wanda ya miƙe a taro ya ce "mu kashi kaza ne a garin nan", shaci-faɗi yake yi, ko namu ne ko nasu. Ina roƙonka kada ka ɗauki irin wannan magana ka kai gaba. Na ga inda ta raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya.

Amma rashin adadi bai hana a san su wa ke garin ba. Kai da kake gani kamar duk Yarbawa ne, su a tsakaninsu gida biyu ne. Akwai Ijabawan Epe, masu garin tun asali, masunta da manoma. Akwai kuma waɗanda ake kira Eko Epe. A ƙarshen 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko, wato Legas, ruwan wuta, suka tumɓuke Sarki Kosoko, ya tsallaka da jama'arsa ya sauka a Epe. Ya koma Ikko a 1862, wasu suka bi shi aka zaunar da su a unguwar da ake kira Epetedo, wasu kuma suka ce sun ga wurin zama. Jikokinsu ne Eko Epe, galibinsu Musulmi, kuma har gobe garin na da sarauta biyu, Oloja da Olu Epe. Babban jarumin Kosoko kuwa, Oshodi Tapa, asalinsa Banufe ne, don Tapa shi ne sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa. Ka ga ke nan jinin Arewa ya daɗe da shiga labarin garin da kake kasa albasarka.

Na taɓa wuni a kasuwar kifi ta Oluwo da ke bakin ruwa. Kwalekwale na isowa, mata na tarar su da manyan robobi, tarwaɗa na ta watsal-watsal. Wanda ya raka ni ya riƙa nuna min: waɗannan masunta Ilaje ne daga jihar Ondo, waɗancan Egun ne daga wajen Badagry. Da na hau tudu neman shayi, mai shayin ya gaishe ni da wata Hausa mai zaƙi ta Adar, na tambaye shi gida, ya ce Tawa, a Jamhuriyar Nijar. Mai gyaran takalmi da ke gefensa Bazabarme ne. A idon mai wucewa duk "Hausa" ne.

Wannan ya kawo mu wasiƙa ta biyu, daga wata Hajiya a Agege. Ta ce maigidanta Babarbare ne daga Borno, ita Bafulatana ce, amma shekara da shekaru maƙwabta "Hausa" suke kiransu, kuma abin na sosa mata rai.

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, kina da gaskiya. Kuɗin goro ake yi mana, kuma abin ya samo asali da nisa. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga a Ikko, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, alhali ba dukkansu ne Hausawa ba, harshen ne ya haɗa su. Daga baya layin dogo ya tashi daga Ikko ya ratsa ta Agege, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912. Fatake suka sauko neman goro a gonakin Awori, mutanen da ke da ƙasar Agege, suka kafa Zango, aka naɗa Sarkin Hausawa. Duk wanda ya sauka daga jirgi, Babarbare ne ko Buzu ko Bafulatani, Zango zai nufa, Hausa zai yi da mai masaukinsa, a gaban Sarkin Hausawa zai kai ƙara. Bayarabe da ke kallo daga waje me zai kira shi?

Mu ma mu duba kanmu, Hajiya. Mutum nawa ne cikinmu ya san cewa Egun na Badagry, waɗanda ke kiran kansu Ogu, harshensu daban ne da Yarbanci, danginsu na tsallaken iyaka a Jamhuriyar Benin? Mu nawa ne ke bambance Awori da Ijabu? Shawarata, ki faɗa wa maƙwabtanki asalinki cikin fara'a, ke ma ki tambaye su nasu. Sannan ki riƙe wa yaranki Fulatanci, uban ya riƙe musu Barbarci, don Hausa da Yarbanci ko ba a koya musu ba za su ɗauka a titi.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Badagry. Ya ce a can aka haife shi, iyayensa 'yan Katsina ne, idan aka zo ƙidaya a ina za a rubuta shi?

Ƙanena, a Badagry. Ƙidaya tana ƙirga mutum ne inda ta same shi, ba ta neman takardar asali. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma wani abu ne daban, ita garin mahaifi take bi, kuma za ka buƙace ta wajen neman makaranta ko aikin gwamnati, don haka ka je Katsina ka karɓo ta tun da wuri. A nan kuma ka yi katin mazauna Legas na LASRRA, hukumar da ke yi wa mazauna jihar rajista. Tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar zama duk inda ka so a ƙasar nan a sashe na 41, ya kuma hana a nuna maka bambanci don ƙabilarka a sashe na 42.

A watan Maris na 2006 mutanenmu da yawa sun cika motoci sun tafi gida don a ƙirga su a can. Na fahimci kishin, amma ka tuna da adadin jama'a ake duba inda za a sa asibiti da aji da famfo, kuma matarka a Badagry za ta haihu, ɗanka a Badagry zai shiga aji ɗaya. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Duk ranar da ta zo, ka zauna a gidanka, ka buɗe wa malaman ƙidaya ƙofa, ka faɗi sunan kowa har jaririn da ke goye.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wasiƙar da ta zo daga Ikorodu a kan hayar rumfa tana nan a ajiye, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.