Kuna jiran na baya?

Hajara: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Hajara ce, ga Nura a gefena kamar kullum, yau kuma Malam Tijjani ya dawo mana bayan kwana biyu. Malam, barka da zuwa.

Malam Tijjani: Barka kadai Hajara. Ina gajiya, ya mutanen gida?

Hajara: Lafiya lau, alhamdulillahi. Malam, maganar keke ce ta tara mu. Wata uku ke nan Nura ya shiga ƙungiyar da kuke fita da ita ranar Asabar, tun daga lokacin kuma ba shi da hira sai ta kaca da feda. Ni ma abin ya fara shiga raina, amma ina jin tsoro. Nura, fara ba mu labarin ranarka ta farko.

Nura: Yaya Hajara, daren ranar ban yi barcin kirki ba. Kekena na gwanjo ne, mai giya, mai faffaɗar taya. Ana idar da sallar Asuba na nufi Kabuga, a nan ake haɗuwa. Na tarar da mutum sama da ashirin, wasu da kekunan tsere siraran taya, kana iya ɗaga su da yatsa biyu. Sai na tsaya daga nesa ina tunanin juyawa gida. Malam ne ya hango ni ya taso. Bai tambaye ni kuɗin keken ba, bai tambaye ni aikina ba. Ya matsa burkin gaba, ya matsa na baya, ya danna taya da babban yatsa, sannan ya ce, "Sirdinka ya yi ƙasa."

Malam Tijjani: Kusan duk sabon shiga haka yake zuwa. Mun saba tun muna yara mutum ya zauna a kan sirdi ƙafafunsa biyu suna taɓa ƙasa. To a doguwar tafiya wannan shi ke kashe gwiwa. Ga yadda ake aunawa: ka hau, ka jingina da bango, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba, sirdi ya yi daidai. In ka mayar da gaban ƙafarka kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da ake so ke nan.

Nura: Ya ɗaga shi kusan yatsa huɗu. Muka kama Titin Gwarzo. Da yake jikina da sauran ƙarfi, sai na sa giya mai nauyi na kutsa gaba, ina so a ga ni ma zan iya. Muna wuce sabuwar jami'ar Bayero cinyoyina suka fara ɗaukar zafi. Kafin Janguza idona ya fara ganin duhu-duhu, hannuna na rawa, ga shi ban sa komai a cikina ba tun tuwon dare. Ina kallo suka yi ta wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na waiga don in ga ko ni kaɗai na rage, sai na ga Malam a bayana, yana tafe a hankali. Ya matso ya miƙo min dabino uku da gorar ruwansa, ya ce in saki giya. Da muka zo ɗan hawa sai na ji tafin hannunsa a tsakiyar bayana yana tura ni. Wallahi Yaya Hajara, wannan hannun shi ya sa na koma Asabar ta gaba.

Hajara: Malam, dama aikinka ne ka tsaya a baya, ko kuwa tausayinsa ka ji?

Malam Tijjani: Ni na roƙi a ba ni aikin, kuma da dalili. Shekara shida da suka wuce na bi wasu mutane, ba waɗannan ba, muka fita ta Titin Zariya. Mun wuce Kwanar Dawaki tayata ta yi faci. Na ɗaga murya, ba wanda ya waiwayo. Ba ni da famfo, ba ni da tiyub, ban ma san ana tafiya da su ba. Haka na riƙa tura keken nan rana na dukana, manyan motoci suna watsa min ƙura, har na samu mai faci. Na dawo gida na jingine shi, ya yi wata biyar ban taɓa shi ba. Shi ya sa duk wanda ya ce min zai shiga ƙungiyar keke, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, tambaya ɗaya nake ce masa ya yi musu kafin ya fita: kuna jiran na baya? In suka ce akwai wanda aka ware yana rufe baya, kuma ana tsayawa a haɗu a wurare sanannu, ka bi su. In suka yi dariya suka ce kowa tasa ta fisshe shi, ka gode musu ka nemi wasu. Ba miyagu ba ne, atisayen gasa suke yi, amma ba wurin koyo ba ne.

Hajara: To shi wannan duhun da Nura ya gani, mene ne?

Malam Tijjani: Yunwa ce ta tsoka. Sukarin da jiki ke ajiyewa ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi, balle ga wanda ya fito da ciki wayam. Ka sha ɗan kunu ko ka ci burodi kafin ka fito, ka zuba dabino ko ayaba a aljihu, ka ci tun ba ka ji yunwa ba. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi, gora guda a awa. Sai maganar giya. Sabon shiga danna feda yake yi da ƙarfi kamar mai kwaɓin ƙasa. Ƙwararru juya ta suke yi, sau 80 zuwa 90 a minti, a giya mai sauƙi. Numfashi zai ɗan ƙaru, amma cinya ba za ta mutu da wuri ba.

Nura: Abin da ya fi ba ni wuya ma ba wannan ba ne. Iya hawa keke daban, iya tafiya cikin mutane daban. Ni tun ina firamare nake hawa, amma ban taɓa bin bayan wani a layi ba.

Malam Tijjani: Nan ne karatun yake. Me ya sa ake jeruwa? Saboda iska. In gudu ya kai kilomita 30 a awa, yawancin ƙarfinka da iska kake kokawa. Wanda ya fake a bayan wani yana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar. Shi ya sa na gaba yake ja na ɗan lokaci, ya kauce, ya koma baya ya huta, wani ya karɓa. Amma kusancin yana da sharuɗɗa. Sabon shiga ya bar tsawon keke guda tsakaninsa da na gaba, ba a gaggawa. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin in ya kauce wa rami ya goge ka, kai ne za ka sha ƙasa, shi ko jijjiga ba zai ji sosai ba. Kada ka damƙe burki farat ɗaya, akwai mutane a bayanka. Kuma idonka ya tsallake kafaɗar na gabanka, kada ya tsaya a kan tayarsa.

Nura: Sai alamu. Na gaba in ya ga rami zai nuna shi da yatsa ya ce "rami", kowa ya miƙa wa na bayansa. In ya ɗaga hannu sama, tsayawa za a yi. Daga baya kuma sai ka ji Malam ya ce "mota", mu koma layi ɗaya.

Malam Tijjani: Abu biyu na fi tsoro a titunanmu. Ɗan adaidaita sahu da zai ga fasinja ya yanko gabanka ya tsaya ba sigina, da kuma yashin da ke taruwa a bakin kwalta. In ka shiga yashi kada ka taɓa burkin gaba, kada ka murɗa kai, ka ci gaba da juya feda a miƙe har ka fita. In tifa ta taho a baya, ku ba ta hanya, ba a gardama da ita.

Hajara: Bari in faɗi abin da ke raina. Ni har na kai shekara 12 da keken yayana nake zuwa Islamiyya. Wata rana aka ce na girma, aka karɓe, ban sake hawa ba. Ban manta daɗin iskar nan a fuskata ba. Amma yanzu ina tunanin sutura, da bakin mutane, da kuma a ce ni kaɗai ce mace.

Malam Tijjani: Tunaninki a kan hanya yake, ba zan ce miki ba a magana ba. Ana yi. Matan da suke fita da mu, yawanci da mijinsu ko ɗan'uwansu suka fara zuwa, da sanin gida, kuma sukan jeru tare. Na fi so ki samu ko mutum ɗaya ku fara ku biyu. Sutura kuwa ba ta hana komai, sai dai a kula. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana iya shiga kaca ko tayar baya, wannan haɗari ne na gaske. Ki sa wanda ya tsaya a cinya, da doguwar riga da wando mai kauri, ki ɗaure bakin ƙafar dama, ɓangaren da kaca take. Hular kwano tana zama daram a kan hijabi in an daidaita maɗaurinta.

Nura: Kuma Yaya, mace ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik, Ese Ukpeseraye, a Faris a 2024. Da aka zo tseren cikin zaure ma ba ta da keken da ya dace, tawagar Jamus ce ta ara mata.

Hajara: Na ji labarin, ya taɓa min zuciya. Ga baiwa, ga rashin kayan aiki.

Malam Tijjani: A shekarar ce kuma Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. A ƙasarsu yaro da keke abin alfahari ne. Burkina Faso tun 1987 suke gasar zagaye ƙasarsu. Mu kuwa mun mayar da keke alamar rashi, alhali iyayenmu malaman makaranta da keken Rali suka yi aiki, a goge shi fes har da ado a sirdi. Sai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga ma'aikata da dama sun kakkaɓe nasu. Wasu don zuwa ofis suka fara, yanzu su ne ba sa fashin Asabar.

Hajara: Nawa mutum zai tanada kafin ya fara?

Malam Tijjani: Keken da ke gida ya isa, in burki na kamawa. Hular kwano ce ba na sassauci a kanta. Sai jar fitila ta baya saboda duhun asuba, famfo ƙarami, tiyub guda, gorar ruwa. Rigar tsere da takalmi na musamman su jira. Wasu ƙungiyoyin suna karɓar ɗan kuɗin wata, ki tambaya tun farko me ake yi da shi.

Nura: Ga lokaci kuma. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, don haka kafin ƙarfe 9 mun dawo. Da hunturu ƙura ce, sai takunkumi da tabarau.

Malam Tijjani: Da azumi gajeriya muke yi dab da shan ruwa, kusa da gida.

Hajara: Malam, akwai keken ƙanena a jingine a soro, ya fi shekara ba a hau ba. Akwai kuma wata ƙawata da muka daɗe muna wannan maganar.

Malam Tijjani: Madalla. Kada ku fara da Titin Gwarzo. Ku yi mako biyu kuna zagaya unguwa da sassafe, minti 20 zuwa 30, har hannu ya saba da burki da giya. Keken kuma a kai wa mai gyara ya duba robar burki, domin in ta daɗe a ajiye bushewa take yi, ya zuba wa kaca mai, ya duba ko tayar ta tsattsage. Nura, ranar Juma'a bayan La'asar ka biya ka daidaita mata sirdi yadda na nuna maka.

Nura: In sha Allah, Malam. Zan taho da famfona.

Hajara: Asabar ɗin da za mu fito kuma, kana nan a baya?

Malam Tijjani: Ina nan. Ku zo da dabinonku, ni ma zan zo da nawa.

Hajara: Allah ya saka da alheri, Malam. Jama'a, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.