Me Ya Kawo Zancen Kyawun Jiki a Cikin Alƙur'ani?

An gabatar da wannan lacca a zauren wata makarantar Islamiyya da ke Tudun Wada, Zariya, bayan sallar La'asar. An rubuto ta daga naɗin murya, an rage maimaici da gaishe-gaishe.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya siffanta mu ya kyautata siffofinmu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Iyayena malamai da ke zaune a gaba, ina neman izininku. Iyayenmu mata da ke bayan labule, da 'yan uwa ɗalibai da suka taso daga Samaru da Kongo, assalamu alaikum.

Tambayar da aka ba ni ta fara yawo ne a tsakanin samarinmu masu yawan karance-karance a waya. Suna cin karo da masu cewa: in da gaske Alƙur'ani maganar Allah ce, me ya haɗa shi da zancen kyawun fuska da jiki? Me ya kawo labarin matan da suka yanyanke hannuwansu don sun ga saurayi? Me ya kawo matan Aljanna masu manyan idanu? Wai wannan alama ce ta cewa namiji ne ya zauna ya zuba sha'awarsa a takarda. Don Allah kada mu kori yaron da ya zo da wannan tambaya. A zaunar da shi a buɗe Mus'hafi, domin amsar tana ciki, kuma ta fi abin da yake zato daɗi.

Mu fara da yarda da abin da yake gaskiya: Alƙur'ani ya ambaci kyau, kuma da yawa. A Suratut Tin ya ce an halicci mutum cikin mafi kyawun tsayuwa. A Gafir aya ta 64 da Tagabun aya ta 3 ya ce ya siffanta mu sai ya kyautata siffofinmu. Saniyar Banu Isra'ila ma sai da aka faɗi launinta, fatsi-fatsi mai haske, tana faranta ran masu kallo. Amma ayar da nake so ku riƙe ita ce ta 6 a Suratun Nahli. Allah ya gama lissafa amfanin dabbobi, ga abin ɗumi, ga nama, sai ya ƙara da cewa kuna da wani kyau a cikinsu lokacin da kuke dawo da su da yamma da lokacin da kuke sakinsu da safe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari wajen Kufena da magariba, ya ga garke yana komawa ruga, cikkuna sun cika, hantsa ta yi nauyi, 'yan maruƙa suna tsalle, ya san abin da ayar take faɗa. Wannan kallon ba ya ƙosar da kowa, ba a kai shi kasuwa. Duk da haka an lissafa shi a jerin ni'imomi, daidai da nama da nono. Ke nan wanda ya yi maganar yana ɗaukar jin daɗin ido a matsayin kyauta da ya bayar da gangan. Taurari ma haka ya ce a Suratul Hijri: mun ƙawata sama domin masu kallo.

To in ambato ne, an ambata. Abin dubawa shi ne yadda aka ambata, kuma nan ne mai tambayar bai tsaya ba.

Ku da kuka yi karatun zaure a cikin birni, a Unguwar Juma ko Kona, kun san waƙoƙin Jahiliyya, kun san yadda Balaraben wancan zamani yake yi idan ya zo kan kyawun mace. Ba ya wucewa. Imru'ul Ƙaisi, wanda ya mutu kafin a haifi Annabi, a cikin shahararriyar waƙarsa da ake kira Mu'allaƙa sai da ya bi gaɓa-gaɓa: wuya kamar na farar barewa, gashi baƙi wuluk mai kauri kamar nonon dabino, ƙirji kamar gogaggen madubi, ƙugu siriri. Al'adar ta yi ƙarfin da Ka'abu ɗan Zuhairu, da ya zo neman afuwa a Madina bayan buɗe Makka, da siffanta wata mace mai suna Su'ada ya buɗe waƙarsa a gaban Annabi kafin ya kai ga yabo. Wannan shi ne kunnen da Alƙur'ani ya tarar. Da mutum ne yake neman jan hankalin Larabawa, ga hanya a share, kuma ga labarin da ya fi kowanne ba da dama.

Suratu Yusuf ke nan, mai ayoyi 111, ta sauka a Makka. Na roƙe ku, yau da dare ku karanta ta daga farko har ƙarshe kuna neman siffar Annabi Yusufu. Fari ne ko baƙi? Dogo ne? Yaya hancinsa, yaya idonsa? Ba za ku samu ba. Makwabtanmu Kiristoci na Wusasa, littafin Farawa da ke hannunsu ya faɗa a jimla guda cewa Yusufu kyakkyawa ne a ƙira da fuska. Hadisin Isra'i da Muslim ya ruwaito ya ce an ba shi rabin kyau. Amma ita surar, abin da ta yi kawai shi ne ta nuna mana wuƙaƙe a hannun matan birni a aya ta 31, ya fito, suka girmama shi, suka yanke hannuwa, suka ce wannan ba mutum ba ne, mala'ika ne mai daraja. Mun ga abin da kyawun ya yi wa masu kallo, ba a ba mu damar mu zama masu kallon ba. Mai karatu ya fahimci girman jarrabawar, zuciyarsa kuma ba ta ɓaci ba. Yaro ɗan shekara goma yana haddace ta a allo, uwarsa tana saurare, babu inda za ta sunkuyar da kai. Ita kanta matar Azizu, wadda labarin ya rataya a kanta, ko kalma guda ba a yi a kan fuskarta ba.

Kuma ku duba inda kyawun ya kai shi: kurkuku, har shi da bakinsa ya ce kurkukun ya fi masa abin da suke kiransa gare shi. Abin da ya fitar da shi ilimin fassarar mafarki ne, abin da ya ɗora shi a kan taskokin Masar kuwa shi ne faɗinsa cewa ni mai tsarewa ne, masani. A duk surar, abin da aka kira kyakkyawa har sau biyu haƙurin Annabi Yaƙubu ne.

Ba Yusufu kaɗai ba. Nana Maryamu, mace ɗaya tilo da Alƙur'ani ya kira da sunanta, an faɗi tsarkinta da ibadarta, ba a faɗi kamanninta ba. Sarauniyar Saba an nuna hankalinta da shawararta da gadon mulkinta. Shi kansa Manzon Allah, da ba don sahabbai sun adana mana siffarsa ba, wadda Tirmizi ya tattara a littafinsa Shama'il, da ba mu san launinsa ko tsayinsa daga Alƙur'ani ba. Abin da littafin ya yaba a Suratul Ƙalam halinsa ne.

Garinmu garin ɗinkin hannu ne, don haka za ku gane wannan. Ku je inda ake cinikin babbar riga mai aska takwas. Mai saye shi ne bakinsa ba ya rufuwa, yana shafawa yana juyawa yana santi. Wanda ya ɗauki watanni yana huɗa allura kuwa, ya san kyawun rigar fiye da kowa, zai gaya maka ta yi kyau cikin natsuwa, ya gaya maka yadda za ka adana ta, amma ba ya zumuɗi, domin daga hannunsa ta fito. Muryar da nake ji a cikin waɗannan ayoyi ta mai yi ce.

Yanzu ga ayar da nake so kowane ɗalibi ya rubuta, Suratul Ahzab aya ta 52. A Madina ta sauka, Annabi yana shugaban al'umma, babu mai hana shi abin da ya so. Sai aka ce masa: mata ba su halatta gare ka ba bayan waɗannan, kuma ba za ka musanya su da wasu ba, ko da kyawunsu ya ƙayatar da kai. Malaman tafsiri sun tattauna ko an ɗage hukuncin daga baya, wannan darasi ne daban. Lafazin dai yana nan, ana karanta shi a sallah har gobe. Jama'a, wane mutum ne zai ƙirƙiri littafi ya jingina wa Allah, sannan ya saka dokar da ta ɗaure shi shi kaɗai, har a faɗa a bainar jama'a cewa kyau yana iya ƙayatar da shi? Mai ƙirƙira yakan ɓoye irin wannan. A nan ana magana ne da shi daga sama, ta bakin wanda ya san zuciyar ɗan Adam kuma yake da ikon gindaya mata iyaka. Nana A'isha ta faɗi irin wannan game da wata aya a surar, cewa da Annabi zai ɓoye wani abu na wahayi da ita zai ɓoye.

Sai zancen launi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Kowace al'umma tana da ma'auninta na kyau, kuma marubucinta ba ya iya fita daga ciki. Alƙur'ani ya sauka a kan Larabawa, amma a Suratur Rum aya ta 22 ya sanya bambancin harsunanku da launukanku a cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Bai ce wani launi ne asali, saura ragi ba. A Munafiƙun aya ta 4 ya ce akwai waɗanda in ka gan su jikkunansu za su burge ka, amma kamar gumaguman itace ne da aka jingine. Ina faɗin wannan da ciwo a raina, domin 'ya'yanmu mata, har da wasu maza, suna shafa man bilicin don a ce sun yi fari, kuma mu iyaye da samari mu ne muka koya musu da bakinmu cewa fara ko mayya ce a aura. Launin da Allah ya kira aya, mu muka mayar da shi aibi.

Saura matan Hurul'ini, kuma ba zan kauce ba. Ee, an siffanta su: manyan idanu, kamar lu'ulu'u ɓoyayye, tsararrakin juna. Wanda ya halicci sha'awa bai ji kunyar ambatonta a wurin sakamako ba, kamar yadda ya ambaci inuwa da ƙoramu da 'ya'yan itace. Amma siffar gajeriya ce, kuma tana tafe da kamun kai da kyawun hali: masu taƙaita kallo, nagartattu kyawawa, in ji Suratur Rahman. Sannan Suratus Sajda aya ta 17 ta ce babu ran da ya san abin da aka ɓoye musu na sanyin ido. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa babu abin da ke Aljanna irin na duniya sai dai suna. An ba mu abin da hankalinmu zai iya ɗauka ne. Wannan duka ba shi ne kaɗai dalilinmu a kan asalin Alƙur'ani ba, amma alama ce da yaro mai adalci zai iya bincikawa da kansa, da Mus'hafi a hannu ɗaya da diwanin mawaƙan Jahiliyya a ɗaya hannun.

An miƙo takarda daga wajen mata. Ta ce: Allah ya gafarta Malam, to ke nan kwalliya laifi ce?

A'a, Hajiya, ko kusa. Suratul A'araf ta ce ku riƙi adonku a kowane masallaci, sannan ta tambaya, wa ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa? A hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Muslim, wani ya ce wa Annabi mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, yana tsoron ko girman kai ne. Annabi ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka lalle, kwalli, kitso, turaren wuta, duk ki yi a inda shari'a ta ba ki dama, kuma mu maza mu ma mu gyara wa matanmu kanmu. Iyakar ita ce abin da zai cutar da jiki ko ya canja halitta. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan da ke ɗauke da sinadarin makyuri da haidirokwinon. Makyuri yana lalata ƙoda, wasu mayukan kuma suna da sitiroyid da ke sa fata ta yi laushi har ciwo ya ƙi warkewa. Wadda ta daɗe tana shafawa, musamman mai sitiroyid, kada ta yanke dare ɗaya, fatar tana iya tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. Ta je wajen likitan fata, ko a asibitin koyarwa na Shika, ta tafi da kwalbar man a hannunta domin ya ga abin da ke ciki.

Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika.