Abin da ke samun tanjent idan aka kusanci digiri 90

Assalamu alaikum, ɗalibai. Ku ɗauko kalkuleta, ku tabbatar tana kan digiri, sannan ku danna tan 90. Za ta rubuto muku Math ERROR. Lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa.

A kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsakar gida, ta miƙe sak. Idan aka raba tsawon sandar da tsawon inuwarta, abin da ya fito shi ne tanjent na kusurwar da rana ta ɗaga. A digiri 45 inuwa da sanda tsawonsu ɗaya, tanjent 1. A digiri 80 inuwa ta dawo kusan santimita 18, tanjent 5.67. A 89 inuwar ba ta kai santimita 2 ba, tanjent ya haura 57. A 89.9 ya zama 572.96, a 89.99 kuma 5,729.58. Ku lura, duk sanda ratar da ta rage zuwa 90 ta ragu sau goma, amsa sai ta ninka kusan sau goma.

Mu a Sakkwato muna iya ganin wannan da ido. Garin yana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu (ikwaita), don haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai gab da zawali. Na Afrilu ya fi daɗin gwadawa, don a Agusta hadari kan rufe ta. A wannan lokacin inuwar sanda takan shige ƙarƙashinta. Ke nan 1 za a raba da sifili, alhali babu lambar da za a ninka da sifili ta ba da 1.

Wasu kan ce amsar ita ce "mara iyaka". Kuskure ne. Ku danna tan 90.1, za ku ga -572.96. Tanjent dai sayin (sin a kalkuleta) ne a raba da kosayin (cos). Da an gota 90, kosayin ya faɗa ƙasa da sifili, sayin kuwa yana nan kusa da 1. Ta hagun 90 lambobi na ta hawa, ta damansa suna can ƙasa, ba inda za su haɗu. Shi ya sa a zanen jadawalin tanjent (graph) ake jan layi mai ɗigo-ɗigo a 90, da 270, da kowane 180 bayan nan. Kada ku haɗa reshen sama da na ƙasa, malamin da ke duba takardar WAEC ba zai yarda ba.

In kalkuleta ta ba ku -1.995 a tan 90, to tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, ku mayar da ita digiri.

Masu awon tsawon hasumiya ko tankin ruwa, a kusurwar da ta kusa 90 ake asara. Ka tsaya mita 2 daga gindin gini ka auna kusurwa zuwa samansa ka karanta digiri 85, lissafi zai ba ka mita 22.9. Hannu ya ɗan karkata ka karanta 86, ya zama 28.6. Digiri ɗaya tak ya ci kusan mita 6. Ja da baya mita 25, inda kusurwa take wajen 45: kuskuren digiri ɗaya ba zai kai mita 1 ba. Sannan ka ƙara tsawonka daga ƙasa zuwa ido a kan amsar.