Ɓallewa, bayi da sojan dole: musun yaƙin basasar Amurka

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Malam Habu, ga Nura. Yau babu dogon gaishe-gaishe, don musun nan na yaƙin basasar Amurka ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Nura, kai ka jawo mana.

Nura: Aunty Zainab, ni fa tambaya kawai na yi. Jihohin nan na Kudu da ƙafarsu suka shiga tarayya. In sun ce sun gaji, su 11 sun fita, ina ruwan shugaban ƙasa Abraham Lincoln da tura musu soja?

Malam Habu: Sun gaji da me?

Nura: Da danniyar gwamnatin tarayya mana. 'Yancin jihohi suke nema.

Malam Habu: To, nan nake jiranka. Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamba 1860, Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba. Mutumin ko rantsuwa bai yi ba, sai a Maris. Wace danniya ya yi musu yana zaune a gida? Shekara da shekaru Kudu na juya gwamnatin nan yadda take so. Tamkar ɗan adashi ne da ya kwashi nasa, da zagaye ya zo kan wani sai ya ce ya fasa.

Zainab: Malam, ka fayyace Kudun Amurka kake nufi, kada wani ya yanko muryarka ya watsa.

Malam Habu: Kudun Amurka, Arewar Amurka, jama'a ku zama shaida. Kuma Nura, ba sai mun yi musu ƙarya ba, da hannunsu suka rubuta dalilansu. Takardar ɓallewar Misisipi tun daga farkonta ta ce matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugaban jihohin da suka ɓalle, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah a Maris 1861 ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Bayi kusan miliyan 4 ne a ƙidayar 1860. A Misisipi da Karolina ta Kudu bayi sun fi 'ya'ya yawa.

Nura: Amma 'yancin jihohin...

Malam Habu: Bari in ƙarasa maka shi. Ka san ƙorafin Karolina ta Kudu? Wai jihohin Arewa sun ƙi mayar musu da bayin da suka gudu, alhali dokar tarayya ta 1850 ta ce a mayar. Wato haushinsu tarayya ba ta murƙushe jihohin Arewa yadda ya kamata ba. Ina 'yancin jihar ya shiga?

Nura: Na ji. Amma shi ma Lincoln ɗin ba waliyyi ba ne. A Agusta 1862 ya rubuta wa ɗan jaridar nan Horace Greeley cewa in zai iya ceto tarayya ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba, zai yi.

Malam Habu: Ya rubuta, ba na musu. Abin da ya fitar da Kudu daban, abin da ya sa Arewa ɗaukar bindiga da farko daban. Mutane ke cakuɗa su.

Zainab: Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne sojan dolen nan. Saƙonni sun fi yawa a kansa. Wasu ma Biyafara suke ta jawowa.

Malam Habu: Biyafara a bar ta da ranarta, in muka taɓa ta sai asuba. Zainab, wa kike zaton ya fara kama mutane soja dole?

Zainab: Arewa, tunda ita ake cewa mai danniya.

Malam Habu: Kudu! Afrilu 1862, duk farar fata namiji daga shekara 18 zuwa 35. Suka ƙara zuwa 45, a 1864 suka mayar da shi 17 zuwa 50. Masu kukan gwamnatin tsakiya ta yi ƙarfi, ga tasu gwamnatin tana shiga gonar mutum tana ɗauke shi. Gwamnan Jojiya, Joseph Brown, har ya gaji da faɗa da shugaban Kudun, Jefferson Davis, a kan haka. Sannan a Oktoba 1862 suka yi wadda ta fi ciwo: duk gandun da ke da bayi 20 ko fiye, an yafe wa farar fata ɗaya zuwa yaƙi, ya zauna ya yi tsaronsu. Kai da ba ka da bawa ko ɗaya, kana noma 'yar masararka da matarka, kai za ka je ka tari harsashi. Shi ya sa sojojinsu ke cewa yaƙin na masu kuɗi ne, mutuwar ta talaka.

Nura: Arewa ma ai ba ta tsira ba. Dala 300.

Malam Habu: Ba ta tsira ba. Dokar Maris 1863, shekara 20 zuwa 45. In ƙuri'a ta faɗo kanka, ko ka biya dala 300, ko ka kawo wanda zai je a madadinka.

Zainab: Tsaya, ka ɗauki hayar mutum ya je ya mutu maka?

Malam Habu: Doka ta yarda. Grover Cleveland haka ya yi, ya biya wani baƙo ɗan Poland dala 150, kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa har sau biyu.

Nura: Rabin farashi ma! Ya iya ciniki.

Zainab: Malam, in kai ne, wa za ka tura?

Malam Habu: Nura mana.

Nura: Haba Malam! A nawa?

Malam Habu: Kai za ka faɗi farashi ko ni zan taya?

Nura: Ni ba na tafiya ƙasa da 300, kuma kuɗi a hannu. Na san ka da "gobe ka dawo".

Zainab: Zai ba ka rabi, sauran in ka dawo.

Nura: In na dawo! Kin ji mugunta. Shi ya sa yake so in tafi, kada ya biya cikon.

Malam Habu: Ai sai in kai wa iyalinka, da buhun shinkafa.

Nura: Wace shinkafa? Wanda shayin da muka sha a nan wancan watan har yau mai shayi na tambayata.

Malam Habu: Wannan bashin shirin ne, ba nawa ba.

Zainab: Kuma Nura da ko ƙarar tayar mota ta fashe sai ya nemi bayan kujera.

Nura: Shi ya sa zan karɓi kuɗin in gudu. Ai an yi masu haka, su karɓi ladan shiga soja, su sulale, su sake shiga a wani gari da wani suna.

Malam Habu: An yi su da yawa. Amma fa dala 300 ɗin nan kusan abin da lebura ke samu a shekara ne, kuma jini ta jawo. Yuli 1863 aka fara jan ƙuri'a a New York, ranar 13 gari ya kama da wuta, kwana huɗu. Yawancin masu boren leburori ne 'yan asalin Ireland. Da ofishin ƙuri'ar suka fara, sai suka juya kan baƙaƙen fata, suna kashewa a titi, suka ƙone gidan marayun baƙaƙe ƙurmus. Sai da aka kawo sojojin da suka fito daga fagen yaƙin Gettysburg. Fiye da mutum 100 suka mutu.

Zainab: Innalillahi. Marayu me suka yi?

Malam Habu: Talaka ya rasa yadda zai yi da mai kuɗi, ya huce a kan wanda ya fi shi rauni. Alhali baƙaƙen nan roƙo suke a ba su bindiga. Kusan 180,000 suka shiga sojan Arewa. Kudu kuwa sai Maris 1865, ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ta yarda a sa bayi soja. Howell Cobb na Jojiya ya ce in bayi za su yi sojan kirki, to duk hujjarsu ta bauta ta rushe.

Nura: Har yanzu fa ba a amsa mini ba. A doka, jiha na da ikon fita ko babu?

Malam Habu: Kotun Ƙoli ta ce babu, a shari'ar Texas ta 1869. Amma ka bari in ba ku labarin Nicholas Said tukuna, haifaffen Kukawa a Borno, aka kama shi bawa, aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya ƙare a runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863...

Zainab: Malam, lokaci ya tafi, mai ɗaukar sauti tun ɗazu yake ɗaga mini hannu.

Malam Habu: Minti biyu kawai.

Zainab: Babu ko ɗaya. Ɗan Borno sai mako mai zuwa. Nura, yi sallama.

Nura: Hukuncin 1869 ai bayan an gama yaƙi ne, wanda ya ci shi ya...

Zainab: Nura!

Nura: Sai mako mai zuwa, jama'a. A ci gaba da turo saƙonni.