Satar Fasaha da Ladabin Ambaton Madogara a Rubutun Ilimi

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban digiri na biyu da na uku a Abuja, an rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, da ku ɗalibai masu shirin rubuta kundi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana a kan satar fasaha a rubutun ilimi, wato mutum ya ɗauki kalmomin wani, ko ra'ayinsa, ko sakamakon bincikensa, ya zuba cikin aikinsa ba tare da ya faɗi inda ya samo ba, har mai karatu ya ɗauka nasa ne. Na san abin da da yawa daga cikinku ke jira su ji shi ne yadda kundi zai tsallake manhajar da ake tantancewa da ita. Zan zo kanta. Amma wanda bai san dalilin da ya sa ake ambaton madogara ba, ko ya tsallake manhaja, bai tsira daga laifin ba.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma ba da karatun boko ya shigo ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san isnadi, ya san ba a karɓar magana sai an ji wane ya ji daga wane, har a kai ga asali. A muƙaddimar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi bin Mubarak yana cewa isnadi yana daga cikin addini, kuma ba domin isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Manufar isnadi ita ce a bai wa mai sauraro hanyar bin sawun magana, ya auna ta da kansa. Ita ce kuma manufar ambaton madogara a kundinku. Idan ka rubuta jimla, ya kamata mai karatu ya iya tashi daga wannan jimla ya je ɗakin karatu ya buɗe littafin da ka ce, a shafin da ka ce, ya tarar da abin da ka ce. A ganina wannan shi ne ma'auni, sauran ƙa'idojin waƙafi da baka biyu duk hidima suke yi masa.

Abin da ke biyo bayan wannan laifi kuwa, tarihi na kusa ya ishe mu. A Maris na 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku. A Afrilun 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya yi murabus a kan irin wannan dalili. Wanda ya fi ba ni tsoro a madadinku shi ne na Annette Schavan, ministar ilimi ta Jamus, wadda Jami'ar Düsseldorf ta soke digirinta a Fabrairun 2013 saboda kundin da ta rubuta tun 1980. Sama da shekara 30 kundin yana ajiye kafin a tono shi. A nan Abuja ma, a Satumban 2016, an gano cewa wani sashe na jawabin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta an kwaso shi ne daga jawabin nasarar zaɓe da Barack Obama ya yi a 2008, kuma fadar shugaban ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin a kan ma'aikacin da ya shirya jawabin. Duk da haka sunan wanda ya karanta ne ya zaga duniya. Wannan jan kunne ne ga mai ba wani kwangilar rubuta masa babi: duk abin da aka zuba ciki, sunansa ne a bango.

Kwafe kai tsaye, a ɗauko sakin layi daga intanet a liƙa, kowa ya san sata ce, ba sai na ɓata muku lokaci a kanta ba. Wadda ta fi yawa a kundayen da ke zuwa hannunmu ita ce wadda mai yin ta yake ganin ya wanke kansa. Bari in ba da misali daga tarihin Kano. Cewa layin dogo ya isa Kano a 1911 sanannen abu ne, yana cikin kowane littafin makaranta, ba wanda zai tuhume ka don ba ka kawo madogara ba. Amma bayanin cewa Turawan mulki auduga suka so a noma, sai fataken Hausa, musamman waɗanda suka goge a fataucin goro, suka ja manoma zuwa ga gyaɗa domin ta fi riba, wannan hujja ce da Jan Hogendorn ya gina a littafinsa na 1978 a kan asalin fitar da gyaɗa daga Nijeriya. Ɗalibi zai karanta wannan, ya canza “fatake” zuwa “'yan kasuwa”, ya canza “suka ja” zuwa “suka karkata hankalin”, ya bar jerin tunanin yadda ya same shi, bai ambaci kowa ba, ya ce ai da kalmominsa ya rubuta. Wanda ya saci riga ya kai ta marina, launi kawai ya sauya, rigar tana nan ta mai ita. Abin da ya dace shi ne ka karanta har ka fahimta, ka rufe littafin, ka faɗi hujjar yadda ka gane ta, ka sa sunan Hogendorn da shekarar 1978 cikin baka biyu, sa'an nan ka faɗa mana ko ka yarda da shi, da dalilinka. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa, shi ya sa babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, yake zama jerin “wane ya ce, wane ya ce” ba tare da an ji muryar mai kundin ko sau ɗaya ba.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe musamman ga masu rubutu da Hausa, ita ce fassara. Mutum zai samu maƙala da Turanci ko da Larabci, ya juya ta zuwa Hausa, ya sa a kundinsa, yana ji a ransa cewa tunda ya sha wahalar fassarawa, abin ya zama nasa. Wahalar fassara tasa ce, ra'ayin kuwa na mai shi ne. Abin da ake bukata shi ne ya ambaci marubucin asali da shafi, ya ƙara da cewa fassarar tasa ce. Malami mai karatu yakan gane irin wannan tun daga ƙirar jimla: Hausar ɗalibin tana tafiya daidai, kwatsam sai a shiga sakin layi mai dogayen jimloli da ba Bahaushen da zai fara tunaninsu a haka, sa'an nan a koma Hausar farko.

Sai ambaton abin da ba a gani ba. Sau da yawa mukan ga an rubuta sunan J. F. Schön da shekarar 1862, alhali ɗalibin bai taɓa riƙe littafin nahawun Hausa da Schön ya rubuta a hannunsa ba, a cikin Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, ya ga bayaninsa. Ba laifi ba ne ka rasa tsohon littafi. Laifin shi ne ka nuna kamar ka gani. Sai ka rubuta cewa Schön ne, kamar yadda Yahaya ya kawo, kuma a manazarta, wato jerin madogaran da ke ƙarshen kundi, ka sa Yahaya, domin shi ka karanta. Idan ka ɓoye wannan tsani, duk kuskuren da ya auku a hanya ya hau kanka, kuma ka tauye haƙƙin wanda ya yi wahalar tonowa. Haka nan wanda ya ɗauko babi daga kundinsa na digiri na biyu ya dasa a na uku bai faɗa ba, ko ya aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu, ya yaudari mai karatu, ko da yake ba kayan wani ya taɓa ba.

Madogarar baka ita ce inda nake ganin mun fi yin sakaci, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibin tarihi ko na adabi zai je ƙauye, dattijo ya shimfiɗa masa tabarma, ya yini yana ba shi labarin kafuwar gari, ko maroƙi ya warware masa kirarin da ba a rubuce yake ko'ina ba, amma a kundi sai a ga “bincike ya nuna”. Wane bincike? Wannan dattijo malaminka ne a wannan mas'ala. Ka rubuta sunansa idan ya amince, da shekarunsa, da sana'arsa ko sarautarsa, da garin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta. Idan ya ce a sakaya sunansa, ka sakaya, ka faɗa mana ka yi haka da dalilinsa. Waƙar baka ma tana da mai ita, tana da faifai ko gidan rediyon da aka same ta. Takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da rubuce-rubucen da ke Gidan Arewa, kowanne yana da lambar fayil, kuma ba tare da wannan lamba ba, ambatonsa bai amfani wanda zai biyo bayanka da komai ba.

Game da tsarin rubuta madogara, ba zan tsawaita ba, domin kowace makarantar karatun gaba da digiri na farko tana da littafin jagora, kuma shi ne alƙali. Da yawa suna bin tsarin APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019. Wasu sassan adabi suna bin MLA, tsarin ƙungiyar masana harsuna da adabi ta Amurka, masana tarihi kuma sukan fi son tsarin Chicago mai bayanin ƙasan shafi. A tsarin APA, idan ka ɗauko kalmomin wani yadda suke, sai ka sa su cikin alamar zancen wani, ka kawo suna da shekara da lambar shafi. Idan sun kai kalma 40 ko fiye, sai a ware su su zama sakin layi mai zaman kansa da aka matsar ciki. Duk aikin da ka karanta ka ambata cikin kundi dole a same shi a manazarta, duk wanda ke manazarta kuma dole a ce an ambace shi a ciki. Mai jarrabawa na waje yakan fara da wannan gwaji ne, ya ɗauki suna biyar ko shida daga tsakiyar kundi ya nufi shafukan ƙarshe, kuma daga abin da ya tarar yake yanke irin idon da zai karanta sauran da shi.

Yawancin satar da ba a yi da niyya ba, a littafin ɗaukar bayanai take farawa. Kana karatu cikin dare, ka kwafi jimla mai daɗi ba ka sa mata alama ba, bayan wata shida ka dawo ka tarar da ita da rubutun hannunka, ka ɗauka kai ka tsara ta. Maganin wannan mai sauƙi ne: tun a lokacin da kake kwafewa ka sa alamar zancen wani da lambar shafi, ra'ayinka kuma ka rubuta shi da wani launin biro ko a wani gefe dabam. Masu aiki da kwamfuta suna iya amfani da manhajojin ajiye madogara irin su Zotero ko Mendeley, waɗanda ake samu kyauta, su riƙa ajiye cikakken bayanin kowane littafi ranar da suka buɗe shi.

To, ga maganar manhaja. Turnitin da ire-irenta ba sata suke ganowa ba, kamanci suke aunawa tsakanin rubutunka da abin da ke rumbunsu. Kundi yana iya nuna kamanci mai yawa saboda ayoyi da hadisai da taken littattafai da aka ambata bisa ƙa'ida, wani kuma ya nuna kaɗan ƙwarai alhali rabinsa fassarar aikin wani ce, ko kwafin tsohon kundi da ke kan kanta wanda ba a taɓa sa shi a intanet ba. Saboda haka adadin da jami'arku ta ƙayyade sharaɗi ne na karɓar kundi, ba shaidar gaskiya ba ce. Masu shagunan buga takardu da ke karɓar kuɗi su “rage maki” ta hanyar musanya kalmomi, abin da suke mayar maka shi ne rubutu mai karyayyar ma'ana, da satar tana nan a ciki. Kada kuma a haɗa wannan da dokar haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, amma wanda ya kwashi rubutun malamin ƙarni na 19 ya ce nasa ne, ko da doka ba ta kama shi ba, majalisar jami'a za ta kama shi.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke tsara wa mutum rubutu idan ya tambaye ta, ta fito a Nuwamban 2022, wata sabuwar matsala ta ƙaru, ita ce madogarar da ba ta wanzu ba. Irin waɗannan manhajoji sukan haɗa sunan masani na gaskiya da taken maƙalar da bai taɓa rubutawa ba, da mujalla da lambar shafi, komai tsaf. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙaga musu. Don haka duk abin da ba ka buɗe da idonka ba, kada ya shiga manazartarka, kuma idan ka yi amfani da manhajar ta wata fuska, ka tambayi sashenku abin da ya halatta, ka bayyana shi a rubuce.

Saura kalma ɗaya ga 'yan'uwana malamai, tunda ga mu a zaune. Malamin da ya ciro maƙala daga kundin ɗalibinsa ya buga da sunansa shi kaɗai, ko ya sa a liƙa sunansa a aikin da bai karanta ba don neman ƙarin girma, ya shiga cikin abin da muke magana a kai, kuma ɗalibai suna gani. Shugaban zama ya yi mini nuni da agogo, saboda haka zan dakata a nan a karɓi tambayoyi, mu fara da masu gab da kare kundinsu.