Daga Maraina Zuwa Mahaifa: Yadda Ciki Ke Shiga, Da Inda Hanya Ke Toshewa

Salamu alaikum jama'ar zango, na Aboabo da Asawase da duk inda kuke kallonmu. Maganar yau akwai nauyin baki a cikinta, sai ku yi mana haƙuri, za mu kira kowace gaɓa da sunanta.

A zangonninmu, in aure ya shekara biyu shiru, matar ake zuba wa ido. Ita ce shan saiwa, ita ce shan rubutu. Alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai kason namiji a cikin matsalar. Don haka da shi za mu fara.

Ku dubi zanen nan. Waɗannan biyun su ne 'ya'yan maraina. Aikinsu biyu: ƙera ƙwayoyin haihuwa, da samar da sinadarin testosteron, wanda ke fito da gemu ya buɗe murya. Allah ya rataye su a waje ne saboda ƙwayoyin ba sa son zafi. Jiki yana kan digiri 37, su kuwa suna bukatar ƙasa da haka da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa fatar ke sakin jiki lokacin zafi, ta tsuke da sanyin hunturu. Direban da ke wuni a kujera mai zafi daga Kejetia zuwa Tamale, da mai gashin nama da ke tsaye gaban garwashi, su riƙe wannan.

Ƙwaya ɗaya tana cin kwana 74 ko kusa da haka kafin ta kammala. Daga nan ta shiga wannan siririn bututun da ke naɗe a bayan maraina, wanda in aka warware shi zai kai mita 6. A cikinsa take koyon iyo. Wannan lissafi yana da amfani: zazzaɓin cizon sauro mai zafi da ya kwantar da mutum yau, zai iya rage masa ƙwayoyi har wata biyu zuwa uku. Gwajin maniyyin da aka yi a wannan tsakanin ba hukunci ba ne, maimaitawa ake yi.

Maniyyin da ido ke gani yawancinsa ruwa ne. Kusan kashi biyu cikin uku yana fitowa daga wasu jakunkuna biyu a bayan mafitsara, da sukari a ciki, guzurin ƙwayoyin. Furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, ya ƙara nasa. Su ƙwayoyin kansu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Maziyyi kuwa, wanda muka karanta hukuncinsa a makarantar allo, daga wasu ƙananan ƙullutu biyu yake, yana share ragowar fitsari a hanya.

To a nan mutane ke ruɗuwa. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayar haihuwa daban. Mutum na iya zama lafiya lau, maniyyinsa da kauri, amma in an sa a madubin likita babu ƙwaya ko ɗaya. Kwalaben ƙarfin maza da ake talla da lasifika a tasha ba sa ƙara ƙwaya. Allurar testosteron da samari ke yi don ƙirji ya buɗe ma ta fi muni: ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata a jini, sai ta daina aika wa maraina umarni, ƙira ta tsaya.

Sauran masu ɓarna: hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba har ya toshe bututu, da kumburin jijiyoyin jini a maraina, galibi ta hagu, wanda in an taɓa kamar an cusa tana a jaka.

Mu koma ga mace. Nan ga farji, a ƙarshensa bakin mahaifa. Mahaifar kanta 'yar ƙarama ce, tsawonta kamar santimita 7 zuwa 8, siffar fiya da aka kifa. Dama da hagu bututu biyu sun miƙa, kowanne kamar santimita 10, bakinsu da 'yan yatsu kamar geza. Ƙarƙashin gezar nan ma'ajiyar ƙwai take, ɗaya kowane gefe.

Namiji kullum ƙira yake yi. Mace kuwa da ƙwanta aka haife ta, miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Bayan shekara 35 yawansu da ingancinsu na sauka da sauri.

Yanzu ga lissafin da ya fi komai amfani a wannan bidiyo, 'yan uwa mata ku ɗauko kalanda. Ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta 1, ba ranar wanka ba. Daga ita zuwa jajibirin jini na gaba shi ne zagaye guda, kuma daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Ƙwai yana fita ne kwana 14 kafin jini mai zuwa. Mai zagayen kwana 28, nata wajen rana ta 14. Mai kwana 32, sai wajen rana ta 18. Da yawa sun riƙe 14 ɗin nan kamar aya, suna ta kuskure wa ranar.

Ƙwan in ya fita, awa 12 zuwa 24 ke gare shi. Ƙwayar namiji kuwa tana iya kwana 5 a jikin mace tana jira. Ke nan ƙofar kwana 6 ce a wata: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar kanta. Maigidan da ke fatauci, ba ya dawowa sai ƙarshen wata, yana iya shekara bai dace da ita ba, kuma babu mai ciwo a cikinsu. Jiki ma yana ba da alama. A waɗannan kwanakin ruwan gaba yakan zama garai, mai santsi, yana ja tsakanin yatsu biyu kamar yauƙin kuɓewa. Wannan ba cuta ba ce, gada ce da bakin mahaifa ya shimfiɗa wa ƙwayoyin. Masu cusa haɗe-haɗen matsi don su busar da shi, gadar suke karyawa, su kuma kashe ƙwayoyin halittar da ke gadin wurin.

Wata tambaya da ungozomomi ke yawan ji: ruwan yana zubowa bayan saduwa, ko shi ya hana? A'a. Maniyyi yakan tsinke cikin minti 15 zuwa 30, masu iyon sun riga sun wuce.

Haɗuwar ba a mahaifa take faruwa ba, a can cikin bututu ne, kusa da geza. Miliyoyi suka taso, 'yan ɗaruruwa ke isa, ɗaya ke shiga. Ita ce kuma ke yanke jinsi: ƙwan mace X ne kullum, ƙwayar namiji ce ke zuwa da X a sami mace, ko Y a sami namiji. Mai gorin matarsa kan 'ya'ya mata, ya ji. Daga nan wasu ƙananan gasu su tura ƙwan sannu a hankali, ya dasu a bangon mahaifa cikin kwana 6 zuwa 10.

Bututun nan shi ne wurin da ya fi rauni. Ciwon sanyi, musamman kilamidiya da ke zama shiru ba alama, da zubar da ciki ba a hannun ƙwararru ba, har da tsargiya ga waɗanda suka tashi a bakin tafkin Volta, duk suna barin tabo. In ya toshe ɗungurungum, ba haɗuwa. In ya ƙuntata kawai, ƙwan na iya maƙalewa ya fara girma a can. Wadda al'adarta ta ɗauke, sai ga ciwo a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, da jiri ko ciwon kafaɗa, ba ta jiran gari ya waye. A ɗauke ta zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ko mafi kusa da ke yin tiyata, domin bututun in ya fashe jini a ciki yake zuba.

Yaushe za a nemi likita? Bayan shekara ɗaya ana tare ba tsarin iyali. In matar ta haura 35, wata 6 ya isa. A je tare, kuma a fara da maigida, don gwajinsa ya fi sauƙi da araha. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a zuba maniyyin a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba, a kai cikin awa ɗaya, a aljihu kusa da jiki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 yana neman aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin 100 suna iyo gaba. Ita kuma uwargida a yi mata hoton mara a duba ƙari a mahaifa, sannan gwajin bututu, inda ake tura ruwa mai fitowa a hoto ta bakin mahaifa. Shi ana yin sa ne bayan jini ya ɗauke, kafin rana ta 12.